Masar Gwaggo da wayata: littafin aiki daga Janairu zuwa Yuni

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne saboda na san halina. In ban rubuta ba, nan da wata uku zan rantse duk abin da ya yi kyau shawarata ce, wanda ya lalace kuma laifin wani. Aikin dai shi ne in ɗora sana'ar Gwaggo a intanet. Ni na kawo maganar da kaina bayan na gama bautar ƙasa na dawo Bauchi ina zaman jiran aiki. Ita kuwa cewa ta yi, "To 'yar nan, tunda wayar ba ta barin hannunki, a ga amfaninta."

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta haura shekara 20 tana suyar masa a zauren gidanta a cikin gari, kuma duk yaron da ya tashi a layin ya san ƙamshin tandarta tun kafin gari ya gama wayewa. Kanawa su ce waina, mu mu ce masa, amma ko su sun yarda ta Bauchi daban ce. Shekarar 2023 ce ta girgiza ta. Aka fara da ƙarancin takardun kuɗi a farkon shekara, sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, shinkafa da man gyaɗa suka yi sama, mai sayen masa goma ya koma biyar. Tsoro ya sa ta dinga ƙaro abin sayarwa: cincin, donot, kek, samosa, mitfai, zoɓo, kunun aya, dambun nama. Da masar, tara ke nan, duk a hannun mace ɗaya da 'yan jikokinta.

Ga abin da na tsara: shafi a Facebook, wani a Instagram, wani a TikTok, WhatsApp na kasuwanci, tambari mai kyau, in hali ya yi har da shafin intanet na kanta. Kafin nan zan zauna mako guda in ga yadda kuɗi ke shiga da fita, don in san abin da zan tallata.

Asabar, 18 ga Janairu

Kwana bakwai ina kan tabarma kusa da murhu da biro a hannu. Gwaggo ta ce na zama ma'aikaciyar haraji. Kuɗin komai a gwangwani ɗaya yake taruwa, daga nan ake cefane, daga nan ake ba yara na makaranta, shi ya sa ita kanta ba ta san abin da ke kawo riba da wanda ke cinye ta ba.

Abin da lissafina ya nuna: a duk naira goma da ta shigo, kusan bakwai na masa ne, kuma masar daga asuba zuwa ƙarfe 10 an tashi. Sauran takwas ɗin su ke cinye wunin har tsakar dare. Kunun aya sau biyu yana lalacewa a makon saboda rashin wuta. Kek ba ta da abin gashi, a tukunya da yashi take yi, in aka cire kuɗin ƙwai da bota da fulawa da gawayi, abin da ya rage bai kai ladan tsayuwar ba. Dambun nama yana da riba, amma nama jari yake so, kuma daga kuɗin shinkafa ake ciro shi. Saboda haka sau biyu a makon nan ta aiki yaro ya auno shinkafar tuwo a shagon bakin layi da tsada, maimakon ta je kasuwar Muda Lawal ta sayo ta mako guda da rangwame.

Akwai wanda ya fi damuna, lissafi ma bai nuna shi ba. Da daddare ake haɗa ƙullu, a bar shi ya kwana ya tashi. Yanzu lokacin haɗa shi yana zuwa ne bayan ta gama naɗe samosa, idonta na rufewa. Ranar Laraba masar ta fito da ɗan tsami, wani dattijo da ya shekara yana saye ya ce, "Hajiya, yau dai hannun ya sauya." Ta yi dariya, amma na ga abin ya taɓa ta.

Ban ce mata komai ba tukuna.

Talata, 21 ga Janairu

Jiya hukumar sadarwa ta NCC ta sanar da amincewa a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Duk wani shiri nawa da ke buƙatar ɗora bidiyo kullum sai na sake auna shi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mun sayi sabon layi na sana'a kaɗai, aka yi masa rajista da lambar NIN ta Gwaggo, na saka shi a tsohuwar wayata. Ban so oda ta dinga cakuɗewa da gaisuwar dangi da saƙonnin barka da Juma'a. Na sauke WhatsApp Business, kyauta ne, na cika sunan sana'a da lokutan aiki, na jera kaya da farashinsu a katalog. Na kuma rubuta amsoshin da ake yawan buƙata na adana su: farashi, lambar asusu, kwatancen gida. Da na danna alama ɗaya sai amsar ta fito, ba sai na sake rubutawa ba.

Abu biyu na koya da ban sani ba duk da shekarun da na yi ina latsa waya. Na ɗaya, saƙon da ake turawa jama'a a dunƙule mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma ba ya isa ga wanda bai adana lambarka ba. Na biyu, sitatus ma sai ku biyun kun adana lambar juna ake gani, kuma awa 24 yake yi ya ɓace. Ashe duk dabarar tana komawa ga abu ɗaya: mutum ya yarda ya ajiye lambarka a wayarsa. Wannan kuwa a zaure ake samunsa. Na rubuta lambar a kwali da manyan baƙi na rataye saman tanda, duk wanda ya saya in ce, "Don Allah a adana, a turo mana sallama." Yau muna da mutum 41, kuma kowannensu ya taɓa cin masar nan da bakinsa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Rigimar hoto. Ƙanena ya kawo min wasu hotunan masa daga intanet, farare sol, a faranti mai tsada, ya ce kowa haka yake yi. Na ƙi. Ta Gwaggo tana da ja-ja a baki inda tanda ta kama ta, tsakiyarta da laushi kamar auduga, kuma wanda ya yi oda saboda hoton wata zai ga kamar an yaudare shi. Na gwada ɗauka da daddare da fitilar waya, ta fito kamar an shafa mata mai. Da hantsi a bakin zaure, a kan faifai, ba tare da an ƙara mata launi ba, shi ne ya yi. Wanda aka fi tankawa ma wanda na ɓare masa biyu ne ana ganin ramukan cikinta da tururi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yau na yi ta maza na faɗa. Na bari sai da Adda ta zo, babbar 'yarta, don kada a ce yarinya ta zo tana koya wa babba sana'arta.

Na ce, "Gwaggo, ku gafarce ni, amma ina ga a ajiye wasu abubuwan nan a riƙe masar." Ta daina firfita. Ta ce, "Ke kin taɓa wayar gari ba ki san inda na cefane zai fito ba? Na raba ƙafa ne don in ɗaya ta zame, ɗaya ta riƙe ni." Wallahi ban da amsa a take, don gaskiya ta faɗa, kuma ba ni ce na riƙe gidan nan a 2023 ba. Sai na buɗe littafin na karanta mata mako gudan nan, rana bayan rana, har da kunun ayan da aka zubar da shinkafar bakin layi. Ban ambaci maganar dattijon nan ba, ita ta ambata da kanta. Adda ta ce, "Inna, taura biyu ma ba ta taunuwa, balle tara."

Ba ta yarda gaba ɗaya ba. Mun tsaya a kan gwaji daga yanzu zuwa ƙaramar Sallah: masa, miyar taushe, yajin ƙuli, da zoɓo. Zoɓon ya tsira ne saboda jikoki ke yin sa, kuma ba ya saurin lalacewa irin na kunun aya. In ciniki ya faɗi, komai ya dawo, ni kuma in rufe bakina.

Masu neman kek za mu dinga tura su wajen wata amarya a bayan layinmu da ta koyi girkin zamani, tana da abin gashinta, kuma a gaskiya nata ya fi na Gwaggo nesa ba kusa ba. Na je na same ta, ta ce ita ma ana yawan tambayarta masa in za a yi biki, ba ta iya ba. Muka yi musayar lamba.

Katalog ya koma abu huɗu. Ya fi kyan gani ma.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Na ƙona ₦5,000 daga aljihuna. Na biya a yaɗa hoton nan a Facebook, da aka zo wajen zaɓen inda za a nuna shi, zumuɗi ya sa na bar Najeriya baki ɗaya. Saƙonni suka yi ta shigowa daga Legas da Fatakwal da Abuja, kowa na yabawa, wasu 'yan Bauchi ne da kewar gida ta kama. Oda ko ɗaya babu, masa ba ta hawa mota ta kwana a hanya. Akwai wurin da ake zaɓar gari a kuma iyakance kilomita nawa kewaye da shi, a gabana yake, ni ce ban duba ba. Ban faɗa wa Gwaggo ba.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi na biyar, an ɗauka ranar Asabar 1 ga wata. Suya ta koma bayan la'asar, kuma a nan wayar ta fara biyan kuɗin datarta. A da, Gwaggo kintata take yi ta jiƙa shinkafa, wata rana ta yi kwantai, wata rana mutane su koma hannu rabbana. Yanzu bayan buɗa-baki ina saka sitatus cewa masu son ta gobe su yi magana kafin a sauko daga tarawihi. Da an rufe sai in haɗa lissafi in faɗa mata, ta san mudu nawa za ta jiƙa. Da safe a kai markaɗe, a haɗa da dafaffiyar shinkafa da yis, zafin Maris kuwa ba ya barin ƙullu ya daɗe bai tashi ba.

Wasu sun ji haushin a ce sai sun yi oda tun jiya. Ina gaya musu ƙullu ba ya jin lallashi, lokacinsa yake bi. Mun bar kaso guda na 'yan layi da ke zuwa da kwanonsu, waɗannan ba a tambayarsu waya.

Juma'a, 14 ga Maris

Ranar kunya. Wata ƙungiya ta nemi masa 300 na ciyarwar buɗa-baki, da rana tsaka suka yi magana, bayan an rufe oda. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na amsa ban tambayi Gwaggo ba. Aka jiƙa shinkafa a gurguje da ruwan ɗumi, aka ƙara yis don ya yi sauri. Ta fito a daskare, tana warin yis, ga shi tanda ɗaya ce, har aka kira magariba ba mu gama ba. Mutum shida cikin masu odar jiya suka sha ruwa ba masarsu.

Na kira su ɗaya bayan ɗaya, ban tura rubutu ba, na ba da haƙuri na mayar da kuɗi. Biyar sun ce ba komai. Ta shidan ta ce ta yi baƙi ta ji kunya, kuma tana da gaskiya. Gwaggo ba ta yi min faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Da za mu kwanta ta ce, "Tandar nan gurbinta ƙidayayye ne, 'yar nan. Wayarki ce ba ta da ƙarshe."

Daga gobe akwai iyaka. Mun ƙirga abin da tanda ke fitarwa daga la'asar zuwa rabin awa kafin magariba, muka rage kaɗan, in oda ta kai nan sai in rubuta "ta gobe ta ƙare".

Asabar, 22 ga Maris

Wani ya yi odar ₦12,000, ya turo hoton shaidar tiransfa, ya aiko yaro ya karɓa. Kuɗi ba su shigo ba har yau, lambar kuma a kashe. Doka sabuwa: hoto ko saƙon alat ba shaida ba ne, sai na buɗe manhajar banki na ga kuɗin sun zauna. Ko wane ne, ko da rawani.

Da nake bin lissafin asusun na lura da ₦50 da ake cirewa duk lokacin da ₦10,000 ko fiye suka shigo. Harajin gwamnatin tarayya ne na tura kuɗi, tun Disambar 2024 ya haɗa har da bankunan waya. Ba yawa, amma na buɗe masa layinsa a littafi. Gwangwanin nan ma ya yi ritaya: kuɗin sana'a a asusunsu, Gwaggo na cire na cefanen gida ranar Asabar, a rubuta.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi. Wa'adin gwaji ya cika, na zauna ina jiran ta ce a dawo da samosa. Ba ta ce ba, ni ma ban tayar ba. Abin da na gani dai, tun makon biyu na azumi take sayen shinkafa a Muda Lawal ta mako guda, kuma jiya ƙarfe 10 na dare ta riga ta yi barci. Amaryar bayan layi ta turo mana odar biki biyu.

Wani abin da ban zata ba: tun da na fara rubuta "ta gobe ta ƙare", mutane suka koma yin oda da wuri. Ƙanena ya ce in dinga rubutawa ko ba ta ƙare ba. A'a. Garin nan ƙarami ne, ranar da aka gane ƙarya ce an gama yarda da sitatus ɗin.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Taswirar Google. Wannan na ɗauka ƙaramin aiki ne, sai ya zo da maganar da ta fi ƙarfin waya. Rajistar kyauta ce: suna, irin sana'a, lokutan buɗewa, lambar waya, hotuna. Don su tabbatar da wurin na gaske ne sai aka nemi bidiyo mai nuna layin da allon sana'a da kayan aiki. Allo ba mu da shi, sai da mai fenti ya rubuta mana ƙarami muka kafa a jikin zaure.

Baffa, babban ɗan gidan da ke kula da shi tun rasuwar mai gidan Gwaggo, ya ce bai yarda a sa gidan matan aure a taswira kowane baƙo ya dinga sallama ba. Na ga hujjarsa. Akwai zaɓin a ɓoye adireshi a nuna yankin da ake kai kaya kaɗai, amma masa abin tsayawa a saya ce, ɓoyewar za ta kashe amfanin. Muka daidaita: alamar ta tsaya a ƙofar zaure ta waje, lokaci a rubuce ƙarara daga 6 zuwa 10 na safe, babu hoton cikin gida, babu fuskar kowa. Bayan ƙarfe 10 zaure a rufe, sai waya.

Na roƙi tsofaffin kwastomomi masu manyan wayoyi su rubuta ra'ayinsu a wurin. Tara suka rubuta, wasu da Hausa wasu da Turanci. Ɗaya ya ce masar ta yi amma ana jira da yawa. Ƙanena ya ce a sa abokansa su cika wurin da yabo su binne ta. Na bar ta, na amsa masa cewa gaskiya ne, tanda ɗaya ce, in ya yi oda tun dare zai tarar an ajiye masa.

Jiya wasu mutum huɗu a mota da lambar Abuja suka tsaya, za su Yankari, tafiyar sama da kilomita 100 ce daga nan, suna son karin kumallo. Sun ce sun rubuta "masa" ne a taswira suka ga mu. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Wato wayar ce ta kawo su?" Ta ƙara musu gyara.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Yau littafin nan kaina ya juyo. Na yi wa data da lokacina irin lissafin da na yi wa gwangwanin Gwaggo. Na bi odar wata guda ina duba ta ina kowace ta zo, don tun azumi nake tambayar sabon kwastoma, "A ina aka ji labarinmu?" Mafi yawa WhatsApp ne ko wani ya faɗa musu, sai taswira, sai Facebook kaɗan. Instagram oda biyu. TikTok babu ko ɗaya, alhali shi ya fi cin data da lokaci. Akwai bidiyon juya masa da tsinke da dubbai suka kalla, na kwana ina murna, amma masu kallon ba a Bauchi suke ba, rabin maganganunsu kuma a nuna fuskar mai suyar ne, abin da ta ce ba za ta yi ba har abada.

Kuma ranakun da na ɓata ina yanka bidiyo su ne ranakun da saƙon kwastoma ke yin awa biyu ban amsa ba. Wato ni da na zo ina karanta wa dattijuwa karatun taura, biyar na cusa a bakina.

Na daina TikTok. Instagram na bar shi da hoto shida da lambar waya, kamar allon bakin hanya. Facebook sau ɗaya a mako. Wani abokin karatuna ya ce zai gina mana shafin intanet a kan kuɗin da ya kai na buhun shinkafa, ban da na sabuntawa duk shekara. Na gode masa. Mai neman masa da ƙarfe 7 na safe ba shafi yake buɗewa ba.

Abu ɗaya na ƙara. Na tuna 4 ga Oktoba, 2021, ranar da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Wayar ma tana iya faɗawa ruwa ko a sace ta. Na sayi littafi na biyu na kwafe lambobin kwastomomin da suka yarda, da unguwanninsu. Mutum 187. Yana cikin akwatin Gwaggo, ƙarƙashin zannuwa.

Litinin, 12 ga Mayu

Kai kaya. Mun yi yarjejeniya da wani mai Keke Napep ɗan layinmu, fita ɗaya da ƙarfe 7 da rabi, ya zaga ya dawo, kuɗin kaiwa a kan mai saye gwargwadon nisa. GRA da Fadaman Mada da wajen sakatariya babu matsala. Yelwa da Gwallameji sai oda ta taru, ɗalibai kan haɗa kuɗi su yi ta ɗaki guda. An nemi mu kai Gubi, na ce a'a, kafin ta isa ta huce.

A leda masa gumi take yi ta yi laɓo-laɓo. Yanzu sai ta sha iska minti kaɗan a faifai, a jera ta a roba da farar takarda a ƙasa, miya a nata mazubin, duka a kula. Ranar Juma'a ma'aikatan wani ofis sun mayar da ita al'ada, oda ɗaya babba, kuɗi tun Alhamis.

Lahadi, 25 ga Mayu

Na fara neman rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, saboda ofishin nan sun ce in da takarda da asusu mai sunan sana'a za su dinga ba mu odar taronsu. Ta shafin hukumar ake yi, a fara duba ko wani bai riga ya ɗauki sunan ba, a ajiye shi, sannan a cike sauran da lambar NIN. Sunan farko da muka so akwai mai kama da shi, mun tura na biyu.

Sai ga jaraba ta dawo ta wata ƙofa. 'Yan Abujan nan sun ba wasu lambarmu, ana ta tambayar ko za mu dinga ɗura yajin ƙuli a roba mu aika ta tasha. Shi ba ya lalacewa, yana iya zuwa Jos da Abuja har Legas. Na kwana ina lissafi, har na zana takardar da za a manna. Na san abincin da aka ƙulle aka manna wa suna don kasuwa yana buƙatar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da wurin aiki na musamman da za su duba, amma na ce a hankali za a kai.

Da na kai wa Gwaggo maganar, ta bari na gama tsaf. Ta ce, "Wa zai soya ƙulin? Wa zai daka? Da wane kuɗin za a sayi gyaɗar, na shinkafa?" Na yi shiru. Ta ce, "Ɗauko littafin naki ki karanta mana na watan Janairu." Adda ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ba a binne maganar ba, an ɗage ta. In an kai shekara asusun masa yana da rarar da ba a taɓa ba, a sake dubawa.

Litinin, 9 ga Yuni

Babbar Sallah ta wuce ranar Juma'a. Kowa da nama a gida yana neman abin haɗawa da romo, oda ta cika tun Laraba, mutum 23 na ba haƙuri. Takardar CAC ba ta fito ba tukuna. Lambobi sun kai 260, sai da na raba jerin tura saƙo gida biyu. Ruwa ya sauka sosai, itace na jiƙewa, mun koma ajiye na kwana uku a cikin zaure.

Mun sayi tanda ta biyu, ta ƙasa, ana ta shafa mata mai ana ɗora ta a wuta don ta yi kwari ta daina kamu. Babbar 'yar Adda ta iya juyi, hannunta da sauri. Inda aka tsaya shi ne ƙullu. Duk abin nan da muka gina, allo da taswira da lambobi, a kan hannun mace ɗaya yake zaune, kuma ranar Asabar da ta tashi da ciwon baya sai da muka rufe oda.

Don haka jiya na zauna da mudu da kofi da cokali, duk abin da ta zuba in auna in rubuta: ɗanyar shinkafa, dafaffiya, yis, sukari, gishiri, albasa, awa nawa aka jiƙa, awa nawa ya kwana. Da daddare na haɗa nawa a ƙaramar roba, ban kauce wa takardar ba ko da ƙwayar shinkafa. Ya tashi kuwa. Da safe aka soya, ta fito da nauyi kamar an danne ta. Gwaggo ta tsoma ludayi ta ɗaga, ta kalli yadda yake zuba, ta ce shinkafar wannan buhun ta fi ta wancan shan ruwa, da damina kuma ƙullu ba ya tashi irin na bazara. Na ce to kofi nawa zan ƙara? Ta ce, "Sai ya yi."

Na rubuta "sai ya yi" a ƙarƙashin ma'aunin. Ranar Alhamis za mu sake, ni da 'yar Adda kowa da robarta, ludayi a hannunmu, Gwaggo na zaune tana kallo ba za ta taɓa ba.